Lambun kwalbata ya yi fumfuna, moɗa tana ruɓewa, tumatir kuma yana zubar da fure

Sabuwar Mai Shuka ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar shuke-shuke. Watanni huɗu ke nan da na fara shuka a gida, kuma abubuwa uku da na ɗora wa rai duk suna neman lalacewa a hannuna. Na farko shi ne lambun kwalba, wanda ake kira terariyum. Na samu babbar kwalbar gilashi mai murfi, na zuba tsakuwa a ƙasanta, na ɗora ƙasar shuka, na dasa ƙaramar alobera da kaktus guda biyu, na ba su ruwa sosai, sannan na rufe na ajiye a bakin taga inda rana take bugawa da hantsi. Kafin mako uku farar fumfuna ta lulluɓe ƙasar, kaktus ɗaya kuma ya yi laushi har ya narke. Na biyu ita ce moɗa mai ratsin rawaya a gefen ganye, wadda na ajiye a falo cikin kyakkyawar tukunya marar huji, ina ba ta ruwa kowace safiya, amma ganyenta sai laushi yake yi daga gindi yana kwantawa. Na uku shi ne tumatir da na shuka a bokitai a bayan gida. Ya yi tsawo, ganyensa kore shar, sai dai furensa zubewa yake yi, 'yan ƙwayoyin da suka kama kuma gindinsu yana yin baƙi. Shin kuskure ɗaya nake maimaitawa a wurare uku, ko kuwa kowanne da tasa matsalar?

Tsohon Mai Lambu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a ganina biyu daga cikin matsalolinki tushensu ɗaya ne, wato yawan ruwa a wurin da ba shi da hanyar fita. Zan tsaya a kan kwalbar, domin ita na fi sani.

Asalin wannan sana'a yana bayyana yadda take aiki. A shekarar 1829 wani likita a Landan mai suna Nathaniel Ward, wanda hayaƙin kwal na birnin yake kashe masa tsirran da ya shuka a fili, ya sanya ƙwaron da bai riga ya ƙyanƙyashe ba a cikin kwalba tare da 'yar ƙasa mai danshi, ya rufe. Ba tsiro yake nema ba, amma sai ya ga ciyawa da wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu sun fito, kuma suka rayu shekaru ba tare da an ƙara musu ruwa ba. Ya lura cewa da rana danshi yana tashi daga ƙasa da ganye, ya taru a jikin gilashi kamar raɓa, sannan ya gangara ya koma ƙasa. A 1833 ya aika akwatunan gilashi biyu cike da tsirrai zuwa Sidni ta Ostareliya a jirgin ruwa, suka isa da ransu bayan tafiyar watanni, kuma da irin waɗannan akwatunan aka kwashi tsiron shayi daga Sin zuwa Indiya daga baya.

Abin da nake so ki ɗauka daga wannan tarihi shi ne, kwalbar da aka rufe ba ta asarar ruwa, saboda haka duk abin da kika zuba a rana ta farko yana nan yana kewayawa. Iskar da ke ciki kullum a jiƙe take, kamar ta ƙarƙashin kurmi. Kaktus da alobera kuwa tsirran busasshiyar ƙasa ne, sun tara ruwa a jikinsu tun asali, kuma saiwoyinsu suna bukatar su bushe tsakanin ban ruwa da ban ruwa. Rufe su a cikin laima daidai yake da yanke musu hukunci. Waɗanda suka dace da rufaffiyar kwalba su ne gansakuka, da irin tsiron nan na Ward, da fitoniya mai jijiyoyin ganye fari ko ja, da ƙananan nau'o'in peperomiya. Idan kaktus kike so, ki ba shi buɗaɗɗen kasko da ƙasa mai yawan yashi.

Kuskure na biyu shi ne bakin taga. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga amma yana tsare zafin, don haka awa ɗaya ko biyu na rana kai tsaye sun isa su dafa abin da ke ciki. Haske mai yawa take so, ba bugun rana ba. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: idan da safe akwai 'yar raɓa a gefe ɗaya na gilashin kuma ta washe kafin azahar, ruwan ya yi daidai. Idan gilashin ya wuni a rufe da tururi har ba ki iya ganin ciki, ki cire murfin kwana ɗaya ko biyu. Wani mutum a Ingila da jaridu suka sha ba da labarinsa ya dasa tsiro a babbar kwalba a 1960, ya ƙara mata ruwa sau ɗaya a 1972, ya rufe, kuma tsiron ya ci gaba da rayuwa shekaru da dama bayan haka. Ba na cewa kowa zai dace haka, amma hakan ya nuna ƙanƙantar ruwan da ake bukata.

Uwar Tukwane ta rubuta:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara abu ɗaya game da tsakuwa, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa idan sun shimfiɗa ta a ƙasan tukunya ta maye gurbin huji. Ba haka ba ne. Ruwa ba ya saurin ratsawa daga lallausar ƙasa zuwa tsakuwa sai ƙasar ta cika ta tumbatsa, saboda haka abin da tsakuwar take yi shi ne ta matso da jiƙaƙƙen sashen kusa da saiwa. A cikin kwalba ana haƙuri da ita domin babu wata dabara, kuma tana ba ki damar ganin ruwan da ya taru ta cikin gilashi, amma a tukunya huji shi ne magani.

Game da moɗar, 'yar'uwa, ina jin tsoron saiwarta ta riga ta fara ruɓewa. Saiwa tana shaƙar iskar oksijin daga ƙananan gurabun da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, kuma idan ruwa ya cike gurabun nan kullum sai ta shaƙe ta mutu, ƙwayoyin cuta masu son laima kuma su ƙarasa aikin. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, tsiron da saiwarsa ta mutu ba ya iya shan ruwa, don haka sai ya yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa, mai shi kuma ya ƙara masa ruwa. Ni ma na kashe biyu ta wannan hanya kafin in gane.

Ki tuge ta yau, ki kakkaɓe ƙasar, ki duba gindin. Duk saiwar da ta yi baƙi, ta yi laushi ko tana wari, ki yanke ta da wuƙa mai tsabta, ki bar abin da ya rage ya sha iska kwana ɗaya ko biyu a inuwa, sannan ki dasa a sabuwar ƙasa mai yashi cikin tukunya mai huji. Tukunyar adon kina iya mayar da ita riga, wato ki zura mai hujin a cikinta, ki riƙa zubar da ruwan da ya taru. Daga nan kada ki ba ta ruwa sai kin tura yatsa cikin ƙasar kin ji ta bushe har can ciki, wanda a ɗaki yana iya kai mako biyu zuwa uku. Idan gindin ya tafi gaba ɗaya, ganye mai lafiya da aka yanka aka kafa a ƙasa zai yi saiwa, amma ki sani cewa 'ya'yan da za su fito ta wannan hanya yawanci ba sa gadon ratsin rawayan nan. Sai an raba gindin ne ratsin yake ɗorewa.

Sabuwar Mai Shuka ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba da Yaya. Na tuge moɗar kamar yadda aka ce, kuma lallai rabin saiwar ya ruɓe, amma akwai ɓangare ɗaya mai tauri da ganye uku lafiyayyu, na ajiye shi yana shan iska. To tumatir ɗin fa, shin shi ma in rage masa ruwa? Tun da na ga abin da ya faru da kaktus na koma ba shi ruwa sai bayan kwana uku, kuma ina zuba masa takin zamani duk mako.

Ɗalibin Aikin Gona ya rubuta:

A'a, Yaya, a nan kam darasin kwalba bai shafi tumatir ba, kuma rage ruwan da kika yi yana cikin abin da ya jawo baƙin gindin. Wannan baƙin ba cuta ce mai yaɗuwa ba. Yana faruwa ne idan sinadarin kalsiyam bai isa ƙarshen ɗan tumatir ba lokacin da yake girma, kuma kalsiyam a cikin ruwa yake tafiya daga saiwa zuwa sama. Idan ƙasa ta bushe ƙayau yau, gobe ta jiƙe sharkaf, sai tafiyar ta riƙa yankewa, ko da kuwa ƙasar tana da isasshen kalsiyam. Tumatir a bokiti, a cikin rana, yana iya bukatar ruwa kowace rana, har sau biyu a lokacin tsananin zafi, muddin bokitin yana da huji. Ki tabbata girmansa ya kai lita 20 ga kowane tushe, ki kuma rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa domin danshi ya daɗe. 'Ya'yan da suka riga suka yi baƙi ba za su warke ba, gara ki tsinke su.

Zubewar fure kuma ina zargin abu biyu. Takin da kike zubawa duk mako, idan mai yawan sinadarin naitirojin ne, shi ne ya ba ki wannan koren ganye da tsawo, amma tsiron da ya ƙoshi da naitirojin ya fi karkata ga ganye a kan 'ya'ya. Ki dakata da shi na 'yan makonni, in za ki koma kuma ki nemi wanda fotasiyam ɗinsa ya fi yawa. Abu na biyu shi ne zafi. Idan ya haura kimanin digiri 32 a ma'aunin Salsiyos da rana, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin furen yana lalacewa, sai furen ya bushe ya faɗi ba tare da ya kama ba. Tumatir yana son rana ta awa 6 zuwa 8, amma a irin wannan yanayi inuwar la'asar tana taimakonsa, kuma amfanin bokiti ke nan, tunda ana iya matsar da shi. Furen tumatir da kansa yake yi wa kansa barbara, motsi kawai yake bukata, saboda haka idan wurin ba ya samun iska sosai, ki riƙa ɗan kaɗa reshen furen da yatsa da hantsi.

Tsohon Mai Lambu ya rubuta:

Yaron nan ya faɗi daidai. Abu ɗaya na manta game da kwalbar, 'yata: kada ki sake amfani da ƙasar da ta yi fumfuna. Ki zubar da ita, ki wanke gilashin da sabulu da ruwan zafi, ki bar shi ya bushe. Wannan karon ki jiƙa sabuwar ƙasar tun a waje, yadda idan kin matse ta a tafin hannu za ta dunƙule amma ba za ta ɗiga ba, sannan bayan dashe ki bar murfin a ɗan buɗe na mako guda kafin ki rufe gaba ɗaya.