Ina iya karanta Sifaniyanci, amma da an buɗe baki sai kunnena ya toshe

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don abin nan ya tsaya mini a rai. Wata goma sha huɗu ke nan ina koyon Sifaniyanci ni kaɗai, da littafi da manhajar waya. Karatu kam alhamdulillahi, nakan ɗauki labarin jarida in fahimci mafi yawansa. Sauraro ne ya gagare ni. Makon jiya na yi hira ta bidiyo da wata malama, ta yi mini tambaya, abin da ya shiga kunnena shi ne "kebasaseroy". Sau uku tana maimaitawa ina kallonta. Da ta rubuta, ashe "¿Qué vas a hacer hoy?" ce, wato me za ka yi yau. Babu kalma ɗaya a ciki da ban sani ba tun watan farko. Ranar jikina ya yi sanyi matuƙa. Shin ƙarin kalmomi zan haddace, ko kuwa akwai wata hanya da ban sani ba?

Wata da ta shekara shida a harshen:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, ba kalmomi ne suka yi maka kaɗan ba. Misalin da ka kawo ma ya nuna inda ciwon yake. Idonka ya san kalmomin a rarrabe, kowace da fili tsakaninta da 'yar'uwarta, alhali a baki babu wannan filin. Mai Sifaniyanci yana ɗinke ƙarshen kalma da farkon ta gaba. Duba jimlar taka: harafin h ba a furta shi sam, don haka "a" da "hacer" suka narke suka koma "aser". Sannan s ɗin "vas" ta tsallaka ta manne da wasalin da ke gabanta. Harafin v kuma sautinsa ɗaya da b. Shi ya sa ka ji "kebasaser". Kunnenka bai yi kuskure ba, daidai ya ji. Abin da ka zata za ka ji ne bai yi daidai ba.

Mu ma haka muke yi. Wanda ya koyi "sai an jima" a takarda, ranar da aka ce masa "sanjima" a tsaye zai tsaya yana zare ido.

Abin da ya fisshe ni shi ne shifta. Ka samo murya ta daƙiƙa talatin zuwa arba'in, wadda ke da rubutunta a gefe. Ka rufe rubutun, ka saurara sau biyar ko shida, ka rubuta duk abin da ka ji, ko da shirme ne irin "kebasaseroy". Daga nan sai ka buɗe ka gwada. Duk inda ka faɗi, ka tambayi kanka: kalmar ce ban sani ba, ko na san ta amma ban gane ta ba? Ni littafina na farko kusan duk jan biron a kan kalmomin da na sani ne. A ƙarshe ka sake kunna muryar kana bin bakin mai maganar, kana haɗe kalmomin yadda ya haɗe su. Abin da harshenka ya iya haɗewa, kunnenka ba ya wahalar warware shi. Minti goma sha biyar kullum ya isa, kada ka wuce haka, yana gajiyar da kai.

Wani ɗan'uwa:
Kuma kada ka zargi kanka kan saurin. Wasu masu bincike a Jami'ar Lyon ta Faransa sun auna harsuna bakwai a 2011, suka samu Sifaniyanci na fitar da gaɓa kusan 7.8 a daƙiƙa, Ingilishi kuwa kusan 6.2. Jafananci ne kaɗai ya ɗan ɗara shi. Don haka da gaske gaɓoɓin suna zubowa da sauri. A YouTube ka rage gudun zuwa 0.75, amma ka tabbata ka koma gudun asali kafin ka bar bidiyon, kada kunnenka ya saba da lallaɓawa.

Wani kuma:
Yaya ta faɗi gaskiya, sai dai ni ban yarda shifta kaɗai za ta kai ka ba. Na yi ta wata uku, na zama gwanin daƙiƙa talatin, amma hira ta minti goma sai in ɓace a tsakiya. Sai da na koma sauraron abu mai sauƙi, mai yawa, wanda nake fahimtar kusan dukkansa ba tare da na tsayar ba. Bidiyon Dreaming Spanish (wata tashar koyar da Sifaniyanci a YouTube) na matakin farko da su na fara, inda ake magana ana zane ana nuni da hannu. Da farko na raina su, na ga kamar na yara ne. Amma a nan na daina fassara a cikin kaina. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya kunna labaran RTVE (gidan rediyo da talabijin na ƙasar Sifaniya) ko wani fim yana fahimtar kashi ɗaya cikin biyar, yana cewa kunne zai saba. Ni dai nawa bai saba ba, barci kawai yake sa ni. Radio Ambulante shirin sauraro ne na Sifaniyanci mai kyau kuma yana da rubutu, amma ka ajiye shi sai ka yi ƙwari.

Ta farkon ta dawo:
Ban musa ba. Shifta magani ce, sauraro mai yawa shi ne abincin. Ya haɗa biyun.

Wata 'yar'uwa:
Malam, ba ka faɗa mana malamar taka 'yar wace ƙasa ce ba, kuma wannan babban abu ne. Tunda ka ji "aser", to ba irin furucin Madrid take yi ba, don su can z da c mai zuwa kafin e ko i suna furta su ne da harshe tsakanin haƙora. A Kyuba da Jamhuriyar Dominika da kudancin Sifaniya s ta ƙarshen gaɓa takan zama huci ko ta ɓace, "¿cómo estás?" ta koma kamar "komo etá". Wurare da dama "cansado" takan zama "cansao", "para" ta zama "pa". A Ajantina da Uruguwai, musamman wajen Buenos Aires, "yo" da "calle" za ka ji su kamar "sho" da "kashe". Ka zaɓi ƙasa ɗaya ka zauna a kanta wata uku ko huɗu. Ni da Meksiko na fara, saboda mutanen tsakiyar ƙasar ba sa haɗiye baƙaƙe.

Abu ɗaya kuma da ya kamata ya zo mana da sauƙi: inda aka danna murya yana sauya ma'ana. "Hablo" ina magana, "habló" ya yi magana. Kunnen da ya iya raba kalmomin Hausa da karin sauti zai kama wannan da wuri idan aka nuna masa.

Wani:
Rubutun ƙasan allo: ka cire na Ingilishi gaba ɗaya, karatu kake yi ba sauraro ba. Ka kalla da farko babu komai, sai na biyu da rubutun Sifaniyanci. Ka kuma koyi 'yan kalmomin cike gurbi, "pues", "bueno", "o sea", "entonces", don kada ka tsaya neman ma'anarsu jimla ta wuce ka.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri, Yaya da sauran 'yan'uwa. Malamar 'yar Kolombiya ce. Daren jiya na gwada shiftar da murya ta daƙiƙa arba'in. Wuri tara na faɗi, bakwai daga ciki kalmomin da na sani ne. Ɗaya "lo he visto" ce, na rubuta "loe bisto" ina ta neman "loe" a ƙamus. Na aika wa malamar saƙo cewa a darasi na gaba kada ta yi saurin rubuta mini, ta maimaita da gudunta na asali tukuna, sannan ta rarrabe mini kalmomin da baki ɗaya bayan ɗaya. Ta amsa cewa ranar Asabar za mu fara da haka.