Kuɗin PIP na Baba, da gaske za a yanke idan ya cika 66?

Maman Hanif:
Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila, don Allah a taimaka min da haske. Babanmu sauran wata huɗu ya cika shekara 66, ciwon suga da hawan jini sun daɗe da shi, shekara uku da suka wuce kuma ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama har yau bai dawo ba, maɓallin riga ma sai an saka mishi, wanka kuma sai Mama ta tsaya a kai. Yana karɓar PIP, wato kuɗin tallafin da gwamnati ke ba masu naƙasa ko doguwar rashin lafiya. To wani saƙon murya ne ke yawo a WhatsApp wai gwamnati ta canza doka, duk wanda ya kai shekarun fansho za a cire shi. Tun da Mama ta ji hankalinta ya tashi. Gaskiya ne? Kuma yana ta maganar zai tafi Kano ya yi kamar wata biyar saboda sanyin nan yana taso mishi da ciwon ƙafa, shin hakan zai taɓa kuɗin?

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ki kwantar wa Mama da hankali, saƙon nan rabi da rabi ne. A watan Maris na 2025 ministar ayyuka da fansho ta lokacin Liz Kendall ta kawo shawarar cewa daga Nuwamba 2026 sai mutum ya ci maki 4 a tantancewar da ake yi a abu ɗaya aƙalla cikin hidimomin yau da kullum, kamar wanka ko girki ko sa kaya, kafin a ba shi wannan ɓangaren na PIP. Amma 'yan majalisar jam'iyyar Labour da kansu suka yi wa firaministansu Keir Starmer bore, a farkon Yuli aka cire wannan sashen daga ƙudirin aka ce sai ministan harkokin naƙasassu Stephen Timms ya gama bitar tsarin gaba ɗaya. Kuma wanda yake karɓa tun kafin shekarun fansho ba a cire shi don ya cika 66, ci gaba yake yi. Sabon mai nema ne in ya wuce shekarun ba zai iya neman PIP ba sai dai Attendance Allowance, wato tallafin tsofaffi masu buƙatar kulawa.

Hajiya Babba:
'Yata ni maganar Kanon ce ta fi tsaya min a rai. Sati 13 kawai aka yarda mutum ya yi a waje kuɗinsa na shiga, in don neman magani ya fita ne 26, kuma dole a sanar da hukumar da ke biyan kuɗin kafin tafiya. Wata biyar ai ya wuce. Maƙwabcinmu haka ya tafi gida azumi, ya zarce babbar salla, ya tsaya bikin jikarsa, bai faɗa wa kowa ba, da ya dawo takarda ya tarar a ƙofa wai ya mayar da abin da aka biya shi fiye da ƙa'ida, kaɗan-kaɗan ake cira har yanzu. Ku lallaɓa Baba ya yi wata biyu da rabi ya dawo, Kano ba guduwa za ta yi ba. Haka ma in ya kwanta asibiti ya wuce kwana 28 ana dakatarwa, shi ma a sanar.

Dan Katsina a Glasgow:
Mu nan Sikotland an ma canza wa Attendance Allowance suna, Pension Age Disability Payment ake cewa tun Afrilun 2025, tsofaffin da ke karɓa an mayar da su ba tare da sun cike sabon fom ba. Kuɗin ɗaya ne da naku, a Afrilun 2025 fam 73.90 ko 110.40 ne a sati.

Abu Sadik:
Af na manta, Maman Hanif kin ce ƙafa na damunsa. Attendance Allowance ba shi da kuɗin zirga-zirga sam, PIP ne ke da shi, kuma in mutum ya wuce shekarun fansho da wuya a ƙara mishi wannan ɓangaren ko da tafiyar ta ƙara lalacewa. Saboda haka in ƙafar ta yi tsanani yanzu ne lokacin faɗa, kafin ya kai shekarun fansho. Amma fa ku fara zuwa Citizens Advice, ƙungiyar nan mai ba da shawara kyauta, su duba muku, don da zarar an ce a sake dubawa komai hukumar za ta duba daga farko, ana iya ƙarawa ana iya ragewa. Kuma ku hana Baba kunyar nan tamu ta dattawa, a tambaye shi yaya jiki ya ce Alhamdulillahi da sauƙi, su kuma masu tantancewar su rubuta da sauƙi. Ya faɗi yadda ranar da jiki ya ƙi take, har kama shi da ake yi zuwa bayi cikin dare.

Maman Hanif:
Wallahi kamar ka san shi, wancan karon da aka kira shi a waya cewa ya yi shi yake komai da kansa alhali Mama na tsaye da cokali tana ba shi abinci. Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Hajiya zan kira ki anjima ki yi mishi maganar Kanon da kanki, ni in na faɗa cewa zai yi yarinya ce.