Fiffiken bayan mota: aiki yake yi ko kwalliya ce?

Alhaji Mai Motoci: Assalamu alaikum. Na ga hoton Porsche ɗin da Auta ya turo, wadda fiffikenta ya fi rufinta tsayi. Ni dai ina nan kan bakata: kwalliya ce kawai, dabarar tatsar masu kuɗi. Mota da tayoyi take tafiya, me ya haɗa ta da fiffike?

Auta: Haba Baba Alhaji, ai shi ke ƙara gudu. Tun da na ɗaura wa Civic ɗina na ji ta canza.

Oga Bakanike: Abin da ya canza, Auta, ruwan sama ne ya samu hanyar shiga but ɗinka ta ramukan da aka huda. Ni na kwashe shi da tsumma.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji, da kai da Auta duk kun kauce, kowa ta nasa ɓangaren. Fiffiken jirgin sama ne aka kifa. Na jirgi ɗaga shi yake yi, na mota kuwa danna ta yake a kan kwalta don tayoyi su kama ƙasa a kwana da lokacin taka birki. Gudu kam rage shi yake yi, ba ya ƙarawa. Wadda ke hoton, 911 GT3 RS ta 2022, iyakarta kilomita 296 a awa. 'Yar'uwarta GT3 mai ƙaramin fiffike tana kai wajen 320, alhali injin RS ɗin ya ɗan fi ƙarfi.

Alhaji Mai Motoci: To ka ga ka ba ni hujja da bakinka. Lamborghini Countach fa? Wani attajirin Kanada, Walter Wolf, aka fara ɗaura wa tasa, daga baya masu saye suka yi ta neman irinsa, suna biyan kuɗi a rage wa motarsu gudu. In wannan ba kwalliya ba ce, mece ce?

Injiniya: Countach na bar maka, Alhaji. Don a gani aka fi sayensa.

Kawun Jamus: Ku ba ni wuri. Audi ta fito da TT a 1998, bayanta a dunƙule sumul kamar ƙwarya, babu komai a kai, don masu zanen sun fi son ta haka. Da aka hau manyan titunan Jamus, inda wasu sassan ba su da iyakar gudu, sai ya zama in an haura 180 aka sauya layi da gaggawa, bayanta ya yi sako-sako ta juya. An rasa rayuka. Daga ƙarshen 1999 kamfanin ya kira motocin, ya gyara ƙafafunsu, ya sa na'urar daidaita tafiya, ya kuma manna ɗan ƙaramin leɓe a kan but. Alhaji, kamfani ba ya ɓata surar motar da ya yi alfahari da ita don nishaɗi.

Alhaji Mai Motoci: Allah ya kiyaye. Amma Kawu, leɓe ka ce. Ni kan wannan katafaren allo nake magana.

Injiniya: Nan ka yi gaskiya, abu biyu ne. Leɓen yana wargaza iskar da ke son ɗaga bayan mota. Fiffike iska na bi ta samansa da ƙarƙashinsa, shi ke haifar da dannawar. Kuma in gudu ya ninka biyu, ƙarfin dannawar yana ninkawa huɗu. Porsche ta ce RS tana samun dannawar kilo 409 a gudun 200, da kilo 860 a 285. Yi lissafi baya: a 100 kusan buhun shinkafa biyu ne, a 50 rabin buhu.

Auta: Kenan in na kai 100 ina da buhu biyu a baya? Ai ba laifi.

Injiniya: Ina! Wancan adadi na motar ne gaba ɗaya, har da gabanta da ƙarƙashinta, an auna komai tare a ɗakin gwajin iska. Naka ba wanda ya auna kusurwarsa. Sannan Civic tayoyin gaba ke jan ta, su ke juya ta. In ma ya yi aiki, bayan zai danna, gaban ya ɗan yi sauƙi.

Alhaji Mai Motoci: To a nan, inda doka ta tsayar da ƙaramar mota a 100 kan babbar hanya, ramuka ma ba sa barin ka kai, maganata ta tsaya.

Kawun Jamus: Ta tsaya a kan motar Auta. Farko cewa ka yi duk fiffike kwalliya ne, a koma sama a karanta.

Alhaji Mai Motoci: Kawu, ba a tuna wa babba abin da ya faɗa da safe.

Auta: Ni dai ba zan cire ba, yana mata kyau.

Oga Bakanike: Bar shi, amma kawo ta ranar Asabar in toshe ramukan kafin but ɗin ya yi tsatsa. Ka zo da kuɗin wancan aikin ma.