Binciken config na kanel yana cinye mini lokaci, in kashe shi ko in sayi SSD?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Ina haɗa fakitin kanel (zuciyar Linux) na Fedora, wani nau'in Linux, saboda kwamfutocin ɗakin karatunmu. Kafin a soma haɗawa, rubutun bincike process_configs.sh sai ya bi config (fayil ɗin zaɓuɓɓukan kanel) na nau'o'in furosesa x86_64, aarch64, ppc64le da s390x ɗaya bayan ɗaya, alhali x86_64 kawai nake bukata. In sa --without configchecks in kashe binciken, ko in sayi SSD (faifan ajiya mai sauri)?

Mai Garwa: Ka sa ccache, ƙanena.

Ɗan Birni: Yaya, ccache na lokacin haɗawa ne, shi ke hanzarta ta. Ni ban ma kai can ba.

Malam na Zango: Kada ka kashe binciken. Yaron da ke taya ni aiki ya kashe namu, wai yana sauri. Ashe a sabon kanel wani zaɓi ya canza abin da ya dogara a kai, olddefconfig (umarnin da ke daidaita tsohon config da sabon kanel) ya zubar da shi shiru. Muka girka, kwamfutoci suka tashi lafiya lau, amma babu wadda ta ga katin intanet. Ranar jarrabawa! Darakta ya wanke ni tas gaban ɗalibai, yaron ko ya sulale. Da binciken na nan, da ya tsaya ya nuna layin da bai dace ba. Kwangilar ma ba a sabunta mini ba.

Hajiya Binaire: Allah ya mayar da alheri, Malam. SSD mai GB 256 na saya jika 15 a kasuwar Dole.

Mai Garwa: Jika 15? Ni 25 aka ce mini. Taki ta hannu ce, Hajiya.

Tsohon Soja: Ba faifai ne matsalar ba. Kowane config sai an sake karanta dukkan fayilolin Kconfig (inda aka lissafa zaɓuɓɓukan kanel), aikin furosesa ne. Sababbin nau'o'in process_configs.sh suna bin RHJOBS (adadin ayyukan da za a yi lokaci ɗaya), su tafiyar da config ɗin tare. Duba wace tsohuwa ka kwaso.

Malam na Zango: Wanda bai taɓa haɗa wa mutane kanel ba, Linux ɗin Ubuntu kawai yake girkawa, ya bar ba da fatawa.

Tsohon Soja: Malam, wanda aka kora shi ne mufti yanzu?

Mai Garwa: s390x a Damagaram! Wa ke da irin wannan ƙaton injin na IBM, mai tsiren Garin Malam?

Hajiya Binaire: Ku bar dariya. Ko binciken ya ƙare cikin ƙiftawar ido, haɗawar sai ta yi rabi a ɗauke kuran. Wa ke da batirin da ke jure zafin watan 4?

Tsohon Soja: Mu nan famfo ma ya kafe. Mai Garwa, nawa jarka yau?