"Ƙunar baƙin wake" da "kamikaze": abu ɗaya ne?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. A nan Nijar idan wani ya tayar da bam a jikinsa, masu labarun Faransanci "kamikaze" suke cewa, na Hausa kuma su ce ɗan ƙunar baƙin wake. Shin karin maganar tamu ta yi daidai da wannan kalma?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Kalmar ta Japan ce, ma'anarta iskar alloli. A 1281 jiragen ruwan Mongol na Kublai Khan suka tunkari Japan, guguwa ta tarwatsa su, aka raɗa mata wannan suna. A Oktoban 1944, da Yaƙin Duniya na Biyu ya juya wa Japan baya a Filifin, Admiral Onishi ya kafa rundunar matuƙan da za su afka wa jiragen ruwan Amurka da jirginsu da bam ɗinsu, su ma aka kira su kamikaze. Ranar 25 ga watan suka nutsar da jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna St. Lo. Kafin yaƙin ya ƙare wajen 3,800 sun mutu haka. Su Japanawa "tokko" suka fi cewa, wato hari na musamman.

Uwar Biyu: Malam, ni ban ga maganarmu ta hau kansu ba. Yadda kakata ta ba mu labari, Baƙin Wake bawa ne da ɗan sarki ya addaba, ranar da tura ta kai bango ya rungumo shi suka faɗa wuta tare. Haushin kansa ya rama, ba wanda ya aike shi. Waɗancan fa? Da yawa ɗaliban jami'a ne, wasu shekararsu 17, a tara su a ce mai so ya fito, ga abokansa na kallo. Wa zai noƙe?

Ɗan Damagaram: Amma Hajiya, ƙarshen ai ɗaya ne: in mutu, ka mutu.

Tsohon Malami: Ɗana, duba wanda aka nufa. Su jiragen yaƙi suka tasar wa, ba kasuwa ba, ba masallaci ba. Shi ya sa Japanawa da dama suka ji zafi da jaridun Faransa suka kira maharan Paris na 2015 da sunan.

Uwar Biyu: Ni dai "dole ƙanwar naƙi" zan ce musu. A garin Chiran na Japan akwai gidan tarihi da ya adana hotunan matuƙa 1,036 da wasiƙunsu na bankwana, da yawa iyayensu mata suka rubuta wa. Babban ɗana shekararsa 19. Tun da na ga hotunan nake ta kallon sa.