Neman shawara: wace bindiga mai ɗura kanta ta dace da wasan trap?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. A jihar Ohio ta Amurka nake zaune. Wata huɗu ke nan da abokin aikina ya ja ni filin harbin faifan laka, wanda suke kira trap, abin kuwa ya shiga raina. Bindigar kulob nake ara, mai cin harsashi ɗaya. In na yi zagaye huɗu, wato faifai 100, washegari ɗaga hannu in yi kabbara ma sai na cije, don kafaɗar nan ta taɓa gocewa tun ina yaro. Hankalina ya rabu tsakanin Beretta A400, Benelli, da wata tsohuwar Remington 1100 da na gani a shago. Kuɗin hannuna ba su taka kara sun karya ba.

Wani dattijo daga Illinois: Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda kafaɗa ce matsalar, ajiye Benelli a gefe tukuna. Bindiga ce mai kyau, ba ta tara datti, amma da ƙarfin dukan baya take ɗura kanta, kuma yawancinsu ba nauyi, dukan kuwa a jikinka zai sauka. A400 da 1100 da iskar harsashin suke aiki, suna rage zafin naushin. Kuɗin wannan sauƙi shi ne wanki, don baƙin hayaƙi na taruwa a ciki. Ita 1100 tun 1963 take kasuwa, kayan gyaranta ba sa wuya. Akwai ɗan zoben roba a cikinta da ke mutuwa, ka riƙa yawo da na sauyi a jaka. Ko a Sparta, nan Illinois, inda ake babbar gasar trap ta Grand American, za ka ga masu furfura irina da ita.

Abin da ya fi suna muhimmanci: faifan trap tashi sama yake yana gudunka. Ana son bindiga mai tudu a inda kake ɗora kumatu, wadda ke ɗan harba sama da inda ka auna. Ta farauta kuwa sai ka rufe faifan da bakinta kafin ka ja kunama. Ka duba ko 1100 ɗin ta trap ce, mai tsawon baki inci 30.

Wata 'yar uwa: Malam, abin da ba a faɗa maka ba shi ne kwanso. Ku biyar ne a jere, bindiga mai ɗura kanta kuma ta hannun dama take tofar da kwanson harsashi, kan maƙwabcinka. Ranar farko harara na sha har na ƙoshi. Sayi ɗan ƙarfen da ke riƙe kwanso, wasu ma robar ɗaure kuɗi suke naɗawa.

Wani daga Texas: Kafin ka kashe ko sisi, koma harsashi mara nauyi, mai oza 1 maimakon 1⅛. In kana tsaye yadi 16 daga inda faifan ke fitowa, ya ishe ka fasa faifai. Sannan wace takarda gare ka? Mai katin zama na dindindin yana iya saye. Mai bizar karatu ko aiki doka ta hana shi riƙe bindiga, sai da wasu dalilai, kamar lasisin farauta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Takarduna lafiya lau. Baba, na kira shagon, ta farauta ce, inci 28. Wani a kulob ya ce zai ba ni A400 ɗinsa in yi zagaye biyu ranar Asabar, zan tafi da harsashin oza 1 ɗin.