Abin da muka tattauna kan ciwon suga da dasashi

Ranar Asabar mun zauna a wani gida a Tudun Wada, Kaduna, mu iyayen yara masu ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda garkuwar jiki ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Wata uwa ce ta tayar da maganar, ta ce buroshin ɗanta kullum ja yake fitowa da jini, ta ɗauka ƙarfin hannu ne.

Wata malamar asibiti a cikinmu ta ce a'a, Hajiya, dasashi ne ya kumbura. Suga in ya hau, yana ƙaruwa a miyau, baki ya bushe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, jiki kuma ya yi rauni wajen yaƙarsu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kumburin dasashin ma yana dagula sugan. Kowanne na ingiza ɗan'uwansa.

An yarda a goge baki sau biyu a rana, minti biyu, da buroshi mai laushi. Ganin jini kada ya sa a daina. Aswaki na taimakawa, amma a hankali.

An daɗe kan batun dare. Suga ya faɗi, an ba yaro alewa ko lemo, ya koma barci da zaƙi manne a haƙora. A fara ceto shi, sannan ya kurkure baki da ruwa.

A je wurin likitan haƙori duk wata shida, da safe, bayan karin kumallo da allurar insulin, a kuma gaya masa akwai ciwon suga.